Tsoma Ɗaya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama nake farawa, da shi kuma nake fatan gamawa. Wanda ya zo da gaggawa ya nemi wuri ya zauna, wanda ya zo da gardama ya ajiye ta a bakin ƙofa, zai tarar da abarsa in ya fito. Ni ne Nomau ɗan Jatau, marini ɗan marini jikan marini, mutumin Gindin Murhu. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, da ƙafata na taka shi, kuma mafi yawan wautar da ke cikinsa tawa ce.

Garinmu yana ƙarƙashin wani dutse da ake kira Murhu, wanda tun kafin a haifi kakana yake hayaƙi bai taɓa hutawa ba. Hayaƙin nan ya rufe mana sama, saboda haka samanmu ja ce. Katangunmu ja, ƙasarmu ja, ruwan rijiya ma in ka ɗebo sai ka bar shi ya kwanta kafin ya yi fari. Shuɗi wuri ɗaya ake samunsa a garin, wato a marinarmu, cikin rijiyoyin baba guda arba'in da kakanni suka haƙa. Don haka marini a wurinmu ba ƙaramin mutum ba ne, ni kuwa ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

Muna da doka a marina. Ranar da za a ba mutum muciya, sandar da ake motsa rijiya da ita, sai ya dafa ta ya rantse cewa ƙyalle ba zai bar marina daga hannunsa ba sai ya sha tsoma goma sha biyu. A tsoma, a tsamo, a matse, a baza ya sha iska, a sake tsomawa. Kowace tsoma tana ƙara duhu, duhun nan kuwa shi ne darajar aiki. Ƙyallen da ya shiga rijiya sau ɗaya tak yakan fito da shuɗi mai haske kamar an wanke shi. Muna kiransa tsoma ɗaya, kuma zagi ne a wurinmu, rago ake faɗa wa haka. Duk wanda ya fitar da irinsa daga marina, za a karɓe muciyarsa a rufe rijiyarsa, ba kuma za a sake buɗe masa ba. Ni sau ashirin da huɗu nake tsomawa. Hannayena daga yatsu har gwiwar hannu sun yi shuɗi sun kusa komawa baƙi, kuma in ina magana a taro nakan ɗaga su fiye da yadda maganar ke bukata.

Matata Tabawa mace ce mai dariya da ɗan tsiwa. Ita kaɗai ke ce mini Sarkin baba, da wata murya da ke nuna ba ta ɗauki sarautar da nauyi ba. A shekarar da Murhu ya yi aman wuta, duwatsu masu ci suka faɗo kasuwa tana cikin rumfarta tana sayar da daddawa. Ta fito da ranta, har ta jawo maƙwabciyarta daga cikin wutar. Ƙunar hannunta ta warke cikin wata guda, amma zuciyar ta ƙi. Ko ƙwarya ce ta faɗi sai ta zabura. Barci ya guje ta. In ta ɗaga kai ta ga jan sama sai numfashinta ya sarƙe, har ta daina fitowa tsakar gida. Ta rame, awarwaronta ya riƙa zamewa yana faɗuwa ƙasa.

Na kira Inna Hakama, tsohuwar da ke ba da magani a unguwarmu. Ta duba idon Tabawa, ta sa kunne a ƙirjinta, sannan ta fito da ni zaure.

"Nomau, jikin matarka lafiya lau yake," in ji ta. "Idonta ne ya ƙoshi da ja, duk inda ta duba wutar nan take gani. Zuciyar da ke gudu haka ba ta wuce damina biyu."

"To mene ne maganin, Inna?"

"Kakata ta ce a bayan Murhu akwai mutanen da ke kwantar da zuciya da shuɗi. Wane iri ne, yaya suke yi, ban sani ba."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. A gidan marini ake cigiyar shuɗi? Na shiga na ɗauko zanen da ya fi kowanne duhu a adakata, na rataye shi a gaban gadonta. Ta dube shi jim kaɗan ta ce, "Malam, ɗauke shi, danne ni yake yi." Da wani ne da ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa a sana'armu in aiki bai yi ba abu ɗaya muka sani, a ƙara tsomawa. Sai na yanke cewa zanen bai kai duhun da ake so ba, kuma lalle a bayan Murhu akwai shuɗin da ya fi nawa. Na bar Tabawa a hannun Inna Hakama, na yi sallama da Baffa Cindo, ƙanin mahaifina kuma Sarkin Marina, na ɗauki guzuri na fita.

Kwana tara ina zagaya gindin dutsen, ta cikin wani daji da duk itatuwansa suka karkata gefe ɗaya suka juya wa hayaƙi baya. Ran na goma na ɓulla wani fili na makiyaya, kowa sanye da fari ko ƙasa-ƙasa. Wani dattijo ya hango ni ya taho a guje yana nuna hannayena yana faɗin wani abu. Na ɗauka sha'awarsu yake yi, sai na ƙara ɗaga su don ya gani da kyau. Sai da inuwa ta rufe ni na fahimci cewa faɗi yake yi in ɓoye su.

Wani tsuntsu ne da suke kira Tsintau, fikafikinsa ɗaya ya isa ya rufe rumfa biyu a kasuwa. Ba ya cin mutum, ba ya cin dabba, 'ya'yan itace ne abincinsa, amma duk abin da ya gani shuɗi sai ya sure ya kai sheƙarsa. Ya kama ni ta hannuwa ya tashi. Muka shiga cikin hayaƙi har na daina ganin ƙafafuna, muka fito ta samansa, ya ajiye ni a kan wata ƙololuwar dutse cikin sheƙar da ta kai girman tsakar gidan mai hali. A ciki akwai duwatsun wuya, da fuka-fukai, da ƙyauren ɗakin wani, da kwalekwale guda cikakke, duk shuɗɗa. A gefe ɗaya kuma ga ƙasusuwan wani bawan Allah cikin shuɗiyar riga, wanda bai samu hanyar sauka ba.

Na kwanta rigingine don in huta da ciwon kafaɗa, sai na ga sama. Shekara arba'in da ɗaya ina duniya ban san haka take ba. Shuɗiya ce, mai haske, ba iyaka ta kowane ɓangare. Ina kallo sai na ji wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjina ya kwance, numfashina ya riƙa shiga har ciki. Mutumin da ke kwance kusa da ƙasusuwan wani bai kamata ya yi barci ba, amma na yi, daga hantsi har la'asar, irin wanda ban yi ba tun ranar gobarar kasuwa. Da na farka na sake dubanta da idon sana'a, na ce a raina, faɗi kam akwai, amma tsoma ɗaya ce.

Kwana uku ina cin guntattakin 'ya'yan itacen da Tsintau ya rage, ina lura da halinsa. Na ga kowace safiya yana share sheƙarsa, duk abin da ba shuɗi ba ya ɗauke ya tafi da shi can gabas inda yake shan ruwa. Ran na huɗu da asuba na ɗebi farin kashinsa na shafe hannayena da shi har kafaɗa, na jira ya bushe. Ya zo ya dube ni da idon dama, ya juya ya dube ni da na hagu, sai ya ɗauke ni da bakin farce yadda mace ke ɗauke mushen ɓera daga rumbu. Na ji haushin wannan raini. Ya yi ƙasa-ƙasa a kan wani tafki ya sake ni.

Masunta suka tsamo ni. Sunan tafkin Garau, shugabansu kuwa wani tsoho ne mai suna Anaruwa, wanda ya ba ni kifi da tuwo bai tambaye ni komai ba sai da na ƙoshi. A bakin ruwan na ga rumfuna a jere, an rufa kowace da zane mai shuɗi mai haske, mutane kwance a ƙarƙashi. Na tambaya, ya ce masu ciwon fargaba ne da waɗanda barci ya guje wa, daga ƙasashe masu nisa ake kawo su.

"Da safe zuwa hantsi suke kwanciya a nan, sai kuma kaɗan da la'asar," in ji shi. "In rana ta yi tsaka mu tashe su su ja taru tare da mu, su ci kifi da yaji, su yi hira. Wancan da ke ɗinkin ragar kamun kifi maƙeri ne. Ranar da aka kawo shi ko ƙoƙon ruwa ba ya iya riƙewa."

Na dubi maƙerin, hannunsa ko motsi ba ya yi sai na aiki, yana ta ɗan waƙe-waƙensa. Na ce a nuna mini marinarsu. Aka kai ni bayan ɗaki aka nuna mini wata tukunya, matar Anaruwa ta tsoma farin zane a ciki sau ɗaya ta tsamo ta shanya. Na jira ta mayar, sai na ga ta wanke hannu ta tafi dakanta. Kunya ta kama ni a madadinsu. Na ce wa tsohon ko don kifin da ya ba ni zan zauna mako guda in koya musu rini na gaskiya.

"Ɗana, mun gode," ya ce, "amma mu ba ado muke yi ba."

Ni kuwa tuni na gama nawa tunanin. In wannan abu tsararo ya tsayar da hannun maƙeri, ina ga shuɗi na ainihi? Na tambaye shi inda shuɗin da ya fi kowanne duhu yake a duniya. Ya ce Birnin Lumshi ne, tafiyar kwana goma sha biyu kudu, amma in na je kada in zauna. Da zan tafi ya ba ni zane ɗaya daga cikin nasu, kamu huɗu, ya ce in kai wa mai ɗakina. Ban iya ƙin kyautar mutumin da ya tsamo ni daga ruwa ba, ban kuma iya yafa tsoma ɗaya a kafaɗata mutane na gani ba. Da na sha kwana sai na naɗe shi na yi gammo na ɗora kayana a kai.

Birnin Lumshi yana cikin wani kwari mai zurfi. A bakin ƙofa na ci karo da wata mace ƙatuwa tana fitowa da jakuna shida, ɗankwalinta ruwan ɗorawa, ta rataya jan barkono a wuya kamar sarƙa. Ta dube ni sama da ƙasa ta wuce. Babu mai gadi a ƙofar. Da na shiga na tsaya, hawaye suka zubo mini don murna. An rufa kowane lungu da zane, an lulluɓe kowace katanga, kuma shuɗin ya kai inda ban taɓa zaton hannun ɗan Adam zai kai shi ba. Rana in ta ratso ta cikinsa takan iso ƙasa a gajiye. Rijiyarsu ɗaya ce, suna kiranta Uwa, shekara dubu ba ta taɓa mutuwa ba, kuma sau ɗari uku suke tsoma ƙyalle. Ba faɗa a garin, ba ihu, ko jariri ba ya kuka. Na ce lalle na iso.

Suka ba ni wuri a bakin Uwa ba tare da tambaya ba. Na sami farin ƙyalle kamu arba'in na fara aiki, da niyyar kwana bakwai in juya. Aikin ya ƙare, ban juya ba. Kullum sai in ce gobe. Abinci ya riƙa hucewa a gabana ina kallonsa. Magana ta riƙa yi mini nauyi har na koma gyaɗa kai kamar mutanen garin. Ba baƙin ciki nake ji ba, ba kuma daɗi ba, komai ne ya yi nisa. In na tuna Tabawa sai in ji kamar labarin matar wani aka taɓa ba ni. A jikin katangar da nake jingina akwai waɗansu baƙi a jere, gemunsu ya yi fari, su ma kwana bakwai suka zo yi.

Wata rana da hantsi sai na ji an shure mini ƙafa. Matar nan ce mai jakuna. Sunanta Kyauta, fataucin barkono da gishiri take yi, takan shigo birnin da safe ta fita kafin azahar, ba ta taɓa kwana ciki ba.

"Kai, ba kai na gani wancan zuwan ba, da ɗan kumatunka?"

Na ce ai makon jiya na zo.

"Wata huɗu ke nan, malam. Duk wata huɗu nake zuwa."

Na gyaɗa kai kawai. Sai ta tsinko barkono ɗaya daga wuyanta ta fasa shi ta cusa mini a baki. Na yi tari, na yi atishawa, ido ya cika da ruwa, da na share sai ga jan barkonon a tafin hannunta. Jan ya tuna mini samanmu, saman ya tuna mini Tabawa tana ɓuya daga gare shi, sai maganar Inna Hakama ta faɗo mini, damina biyu, ga ɗaya ta riga ta wuce. Na miƙe na ɗaure kayana. Amma ina gama ɗaurewa na ji bakina yana cewa bari in ɗan huta in tafi gobe. Na san goben nan, na daɗe da ita. Kafin zafin barkonon ya huce na ce wa Kyauta ta ɗaure ƙuguna da igiya a jikin jakinta na baya, kuma kome na faɗa kada ta kwance ni sai mun fita kwarin. Sau bakwai na roƙe ta a hanya, har da zagi, ta yi kamar kurma. Haka marini ɗan marini ya bar Birnin Lumshi, a bayan jaki.

Da muka hau tudu ta kwance ni, ta dubi ƙunshin da ke kaina.

"Wannan kayan wa za ka kai wa?"

"Matata."

"Me ta yi maka?"

Na yi mata bayani da haƙuri, yadda ake yi wa wanda bai san sana'a ba. Na ce mutanen Lumshi ba su da wuta a cikinsu shi ya sa abin ya yi musu yawa, Tabawa kuwa gobara ce a ƙirjinta, babbar wuta sai babban ruwa. Ta ce ita dai tana sa kanwa a miya, amma ba ta taɓa tuƙa tuwo da ita ba. Na ce maganar girki daban, maganar rini daban. Ta ɗaga kafaɗa ta kora jakunanta, na bi ta wata biyu ta hanyar fatake har muka hango hayaƙin Murhu.

Na tarar da Tabawa a ƙuryar ɗaki, ta zama rabin wadda na bari. Da ta ji sallamata ta zabura kafin ta gane ni. Ban ko zauna ba na kwance ƙunshi, na rufe bango huɗu da rufi da ƙofa da zanen Lumshi. Kafin azahar rawar jikinta ta tsaya. Na tafi marina na ba da labari, hannuwa a sama. Washegari na saki akushi a ƙasa da gangan, ko ƙiftawa ba ta yi ba, na ce alhamdu lillahi. Ran na uku ba ta taɓa abinci ba. Ran na biyar na kira sunanta sau uku, ta dube ni kamar mai kallon bango.

Inna Hakama ta leƙa ta fito ta ce, "A da gudu take yi, yanzu nutsewa take yi. Wannan ya fi wancan sauri, Nomau."

Na shiga na durƙusa a gabanta na dubi fuskar, sai na gane ta. Fuskar baƙin nan ce masu jingine da katanga a Lumshi. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: tunanin farko da ya zo mini shi ne ko a ƙara tsomawa. Na biyun ne ya sa na miƙe na fizge zanen daga bango, na tattara na jefar tsakar gida. Jan haske ya shigo ta ƙofa. Cikin ɗan lokaci ta zabura, ta juya ta manna fuskarta da bango. Na fito na zauna a dokin ƙofa. Na yi tafiyar wata bakwai, na kawo wa matata abin da zai kashe ta a natse maimakon a firgice, kuma ban san abin da ya rage in yi ba. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Da safe Inna Hakama tana gyara kayan tafiyata ta ga gammona ya yi dauɗa. Ta warware shi ta wanke, ta rasa igiya, sai ta shanya shi a ƙofar ɗakin. Ina zaune a waje na ji murya daga ciki, ƙasa-ƙasa.

"Malam, wannan fa?"

Na leƙa. Hasken hantsi ya ratso ta cikin zanen Anaruwa ya zuba a ƙasan ɗakin da jikin gadon, irin launin da na gani a sheƙar Tsintau. Tabawa ta juyo daga bango tana kallonsa.

"Gammo ne. Bari in ɗauke."

"Bar shi nan."

Na tsaya ina ƙirga numfashinta. Yana shiga, yana fita, ba ya sarƙewa. Can ta ce ko akwai sauran koko.

Zanen kamu huɗu ne, hanya kuma ta cinye tsakiyarsa. Ya isa ƙofa, amma bai isa ya fito da mutum daga ɗaki ba, Anaruwa kuwa ya ce sai an haɗa da fita da aiki da hira. Tsakar gida gaba ɗaya nake bukatar rufewa. Baba ba ya tsiro a jar ƙasarmu, fatake ke kawo shi, kuma Sarkin Marina ke riƙe da rumbunsa, ko ƙwaya ba ta fita. Babu inda zan yi aikin sai a rijiyata, a fili, a gaban marina talatin da tara.

Na je da hantsi, lokacin da kowa yake bakin rijiyarsa, da farin ƙyalle kamu arba'in. Na motsa rijiyar ubana da muciya, na tsoma, na tsamo, na matse, na baza. Ya fito tsanwa-tsanwa kamar yadda ya saba, iska ta buga shi ya juya shuɗi mai haske. Na jira ya sha iska. Sannan na fara ninkewa. Kafin in kai ninki na uku duk muciyoyin marinar sun tsaya.

Baffa Cindo ya taso ya zo ya tsaya a kaina, ya yi magana a hankali don kada a ji.

"Nomau, ka manta sha ɗaya."

"Ban manta ba, Baffa."

"Ka san abin da ka dafa ka rantse."

"Na sani. Zan yi kaffara."

"Rijiyar ubanka ce, ɗana. Mayar da shi ciki, in ce ban ga komai ba."

"Tabawa ta sha koko jiya, Baffa. Kafin nan kwana uku ba ta ci komai ba."

Ya daɗe yana kallon ƙyallen. Na ɗauki muciyar na ajiye a gaban ƙafarsa, na ɗora ninkin a kaina ba gammo, na ratsa ta tsakiyarsu na fita. Wani daga baya ya ce, "Tsoma ɗaya," amma ba wanda ya yi dariya. An ce da hannunsa Baffa ya rufe rijiyar kafin la'asar, bai bar kowa ya taya shi ba.

Na kafa sanduna na rufe tsakar gida da rabin ƙyallen, rabin na ajiye a adaka don ranar da wannan ya koɗe. Kwana biyu Tabawa tana leƙe daga ƙofa. Ran na uku ta fito da tabarmarta ta kwanta rigingine, ta yi barci daga hantsi har azahar, ni da Inna Hakama muna tafiya da sanɗa kamar ɓarayi. Na bi tsarin masunta, safe da la'asar a ƙarƙashin zane, tsakar rana a tashe ta ta yi daka, ta ci tuwo da yaji, maƙwabta su shigo hira. Damina ta biyu ta zo ta wuce ta bar mini ita. Ba zan ce ta koma yadda take da ba, har yanzu in aka yi tsawa takan damƙe duk abin da ke kusa da ita. Amma awarwaronta ya daina faɗuwa, kuma tana zuwa kasuwa ran Laraba.

Ni kuwa barkonon Kyauta nake sayarwa a rumfar da ke kusa da ta daddawa. Tsoma Ɗaya ake kirana a gari, kuma ina amsawa. In na bi ta bayan marina na ji warin baba nakan canja hanya, don har yau yana yi mini ciwo.

Iyakar tafiyata ke nan, wanda ya ajiye gardama a bakin ƙofa yana iya ɗaukar abarsa. Saura abu ɗaya, na shekaranjiya. Hannun marini in ya bar rijiya koɗewa yake yi, kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, ni kuwa na daɗe da koyon sa nawa cikin aljihu. Muna zaune da safe a tsakar gida na miƙa hannu zan ɗauki ludayi, sai Tabawa ta kama shi. Ta juya shi gaba da baya, ta ɗaga shi ta gwada da zanen da ke samanmu. Launinsu ya zo ɗaya.

"Sarkin baba," ta ce, "shekara ashirin ina ganin hannun nan, sai yau ya yi kyau."

Na san nan da wata biyu zai koma irin hannun kowa. Ban gaya mata ba, na bar mata shi ta riƙe, kokon ya huce.